Dajin da babu 'yan tsiro: abin da ƙidayar dashe ke ɓoyewa a Birnin Kudu da Gwaram

Duk damina hukumomi kan sanar da adadin itatuwan da aka dasa, amma da wuya a ji an faɗi irinsu. A kudancin Jigawa, inda ruwan sama ya fi na arewacin jihar yawa, irin ne ya fi muhimmanci, domin dazuzzukan Birnin Kudu da Gwaram sun haɗa marke, ƙirya, kaɗanya, ɗorawa, kanya da taura, kowanne da aikinsa.

Masu binciken daji ba sa tsayawa ga manyan itatuwa. Sukan keɓe filin gwaji, su auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, sannan su durƙusa su ƙirga 'yan tsiron da ke ƙarƙashinta. Ƙidayar ta biyu ce ke nuna makomar dajin. Inda tsofaffin ɗorawa suka cika fili amma babu masu tasowa, dajin na ƙarewa ne, komai yalwar inuwarsa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kwashe kalwa domin daddawa kafin ta faɗi ƙasa, wadda ta samu ta tsira kuma awaki ko gobarar daji su cinye ta. Ƙirya, wadda maƙera ke son gawayinta, tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta girma, gatari kuwa yini guda ya ishe shi. Akwai kuma abin da ido ba ya gani da rana: jemagu ne ke kai ƙurar fure tsakanin ɗorawa da ɗorawa cikin dare, don haka sare itacen da suke kwana a kai yana iya rage 'ya'yan da za a tsinka.

Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Sai dai darbejiya, baƙuwa daga Indiya da aka fi dasawa a garuruwanmu saboda saurin girmanta, ba ta ba da daddawa balle man kaɗe.

A Maraɗi an bi wata hanya tun 1983, wato sassabin zamani: manomi ya bar kututturen asali ya toho, ya zaɓi rassa masu ƙarfi ya kula da su. Da haka kimanin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a kudancin Nijar, galibi ba tare da an sayi tsiro daga gandun raino ba.