Asusun da ke tsaye a gonakinmu

Ranar da muka fita, ɗari ya yi ɗari. Bayan sallar Asuba muka haɗu a bakin garin Bande, mu goma sha ɗaya daga ƙungiyoyin asusu uku, kowa ta lulluɓe da zane biyu. Hazo ya rufe gabas. Niyyarmu ƙarama ce: mu taka cikin gonaki zuwa fadama mu dawo kafin hantsi, mu ga itatuwan da kullum muke wucewa ba mu ɗaga kai ba.

Daji tsit, sai kukan kurciya da ƙarar karan gero a ƙarƙashin takalmanmu. Ciyawa ta bushe, kuka ta zubar da ganye. Amma gawo, ga shi nan kore shar. Halinsa ke nan: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya tofo, ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Shi ya sa gero ya fi kyau a gindinsa.

Dattijan cikinmu suka tuna mana cewa ba haka wurin nan yake ba a da. Lokacin yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, gonaki da yawa fili ne fetal, iska na binne shuka da rairayi, mace kan yi rabin yini tana neman itacen girki. Daga baya manoma suka rungumi sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito a gona, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a rage musu rassa, a kare su. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka ƙasar Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, kuma Magarya, Matamai da Mirya na cikin wuraren da aka fi misali da su. Dokar daji ta 2004 ma ta ƙara wa jama'a hannu a kula da itatuwansu.

To, ina ruwan asusu da wannan? Ai da ruwansa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, abin da muka koya shi ne zubi kaɗan-kaɗan da haƙuri har ranar rabo. Itace ma haka yake. Wadda ta ci bashin asusu ta sayi rago don Layya, 'ya'yan gawo na rage mata kuɗin dusa. A bakin fadama, kusa da gonakin rake, mun tarar da goriba, wadda kabarta ce tabarma da igiyar da muke kai wa kasuwa. Ga kuka ta miya, ga aduwa, ga magarya. Kowanne zubi ne da wani ya yi mana shekaru da suka wuce.

Sai dai a hanyar dawowa mun ga abin da ya sanyaya mana jiki: gawo biyu matasa an sare su daga gindi, saran sabo ne, ko ganyen bai yi yaushi ba. Muka tsaya shiru. Gaskiya ba mu da bakin zagin kowa, don wasunmu ma mukan sayi itace ba mu tambayi inda aka saro shi ba. Wanda ya sare ɗan gawo kamar wanda ya fasa akwatin asusu ne kafin ranar rabo.

Don haka ga abin da muka shirya kawowa a zaman mako. Kowace mai gamana ta bar toho a gonarta bana, ta yi masa alama. Mu riƙa ɗibar busasshe da rassan da aka rage, mu bar gindi. Mu duba ko asusu zai ba da bashin murhu mai tsimin itace. In an ga ɓarna kuma, a kai wa mai gari da ma'aikatan gandun daji.

'Yan uwa, kafin sanyi ya wuce, ku ma ku fita da taku ƙungiyar. Ku ƙirga itatuwan gona ɗaya, ku rubuta a bayan littafin asusu. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, sai mu sake ƙirgawa.