Mako Biyu a Ƙasar Wasu: Matasan Coci da Tafiyar Mishan

Da zarar makarantun Amurka sun tafi dogon hutu a watan Yuni, filayen jiragen sama irin na Miami da Houston kan cika da ayarin yara 'yan shekara 14 zuwa 18, sanye da riguna iri ɗaya, fasto ko shugaban zumuntar matasa yana ta ƙirga kawunansu. Galibinsu Meziko suka nufa, ko Guatemala, ko Honduras; masu ƙarfin aljihu su dangana da Kenya ko Uganda. Mako ɗaya ko biyu za su yi, su shafe ginin coci da fenti, su kwaɓa siminti, su koya wa yaran gari waƙoƙi da labaran Littafi Mai Tsarki, sannan su juya gida. Robert Wuthnow, masanin zamantakewa a Jami'ar Princeton, ya taɓa ƙiyasta cewa Amurkawa masu zuwa coci wajen miliyan 1.6 ne ke irin wannan tafiya a kowace shekara.

Wanda ya san tarihin mishan a ƙasarmu zai ga abin wani iri. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Bingham kaɗai ya tsira, kuma daga wannan yunƙuri ƙungiyar mishan ta SIM ta fito, wadda ta haifi cocin ECWA. Likita Walter Miller ya shafe shekaru masu yawa a Zariya yana fama da Hausa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen a 1932. Waɗancan zama suka zo yi, da yawansu kuma a nan aka binne su.

Jirgin sama ne ya sauya lissafin. A 1957 wani ɗalibi mai suna George Verwer ya tafi Meziko da abokansa biyu lokacin hutu suna raba littattafan bishara, aikin da ya zama ƙungiyar Operation Mobilisation. Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission a 1960, sai Teen Missions International da ta biyo baya a 1970, wadda ke jihar Florida, inda ake fara horar da yara a cikin tantuna, ga sauro ga zafi, kafin a tura su waje. Daga baya manyan ƙungiyoyi suka daina zama dole: kowace majami'a mai hali ta koma shirya tata tafiyar.

Kuɗin fa? Yaro kan rubuta wa dangi da 'yan coci wasiƙar neman taimako, ya wanke motoci, ya sayar da kek a ƙofar majami'a. Abin da aka tara, tikitin jirgi da masauki ne ke cinye kaso mafi tsoka. Bayan guguwar Mitch ta ragargaza Honduras a 1998, Kurt Ver Beek, malami a Kwalejin Calvin a lokacin, wanda ya daɗe da zama a ƙasar, ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa. Ya tarar gidan da ƙungiyar Kiristocin ƙasar ta gina da magina 'yan gida ya tashi a kan dala 2,000 ko kusa da haka, wanda baƙi suka zo suka gina kuwa, in an haɗa da kuɗin tafiyarsu, ya kai wajen dala 30,000. Da ya tambayi masu gidajen, bai ga wani bambanci mai ɗorewa a rayuwarsu ba. Kenan kuɗin gida ɗaya zai iya fitar da iyali goma sha biyar daga kwanan waje. Ga kuma magini da lebura na garin, waɗanda ke zaune ba aiki suna kallon yaron da bai taɓa riƙe cebur ba yana ɗora bulo a karkace.

Masu masauki ba kasafai suke faɗin wannan ba, kuma mu da muka san nauyin baƙo ba za mu yi mamaki ba. Faston ƙauye zai ajiye aikinsa ya zama direba da tafinta, matan zumunta su kwana a murhu, a tafasa ruwan sha, a nemo katifu. Ranar tafiya a yi godiya, a yi hotuna. Wa zai buɗe baki ya ce wa wanda ke aiko masa da gudummawa kada ya ƙara zuwa?

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidajen marayu. Baƙo raɓa ne: yaro ya saba da wata yarinya mai goya shi da ba shi alewa, bayan kwana goma ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Ƙungiyoyin kare haƙƙin yara irin su Lumos sun nuna cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, wani lokaci kuma masu gidan ne ke farautarsu, domin yawan yara shi ke jawo baƙi da daloli. Ostareliya ta ɗauki matsalar da zafi, har ta sanya safarar yara zuwa gidajen marayu cikin nau'o'in bautar zamani a 2018. Haɗari ga matafiyan ma ba wasa ba ne: a Oktoban 2021 'yan daba a Haiti suka yi garkuwa da mutum 17 na wata ƙungiyar mishan, biyar daga ciki yara, a hanyarsu ta dawowa daga ziyarar gidan marayu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a soke tafiyar. A ganina dai a kira ta da sunanta: karatu ne yaron ya je yi, kuma masu masaukin su ne malamansa. Ɗan shekara 16 da bai taɓa barin garinsu ba, ya ga mutanen da ba su da firji suna sujada da farin cikin da bai taɓa gani a cocinsu ba, ya ci abincinsu, ya ji kunyar rashin iya gaisuwa da harshensu, ya samu abin da aji ba zai ba shi ba. Sai dai binciken Ver Beek ya nuna ɗokin kan dushe bayan an dawo, har baikon da matafiyan ke bayarwa bai cika ƙaruwa ba, in ba a ci gaba da bibiyarsu ba. Littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert, wanda ya fito a 2009, ya sa majami'u da dama sun sake tsari: a bar masu gari su faɗi abin da suke so, a biya maginan gida, a riƙa komawa wuri ɗaya shekara da shekaru, a daina ɗaukar hoton yaran mutane ana watsawa a Facebook.

Ƙwarewa ma tana da nata hukuncin. Asibitin Galmi da SIM ta buɗe a Nijar a 1950 yana karɓar likitoci masu zuwa na ɗan lokaci, kuma likitan fiɗa da ya yi wata guda a can ya rage wa marasa lafiya layi. Ɗan sakandare ba shi da irin wannan abin bayarwa tukuna.

Tafiyar kuma har yanzu ta gefe ɗaya ce. Yaron Texas da fasfonsa zai shiga Guatemala ba tare da biza ba. Takwaransa na zumuntar matasa a Kagoro ko Wusasa, ko da cocin Amurka ta gayyace shi da wasiƙa, sai ya biya kuɗin biza da ba a mayarwa, ya jira ranar ganawa a Abuja ko Legas, ya gamsar da jami'i cewa zai dawo, kuma sau da yawa a hana shi.