Mai Koyon Ilmin Abinci, Sai Da Na Gaba

Ku sani, ya jama'a, ilmin ciyar da majinyata yana da ƙa'ida. Wanda ya gama jami'a yakan yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin gwani kafin a sakar masa ragama. Ga dalili. A Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu akan auna damtsen yaro da igiyar awo. In ya gaza santimita 11.5, tamowa ta tsananta, sai a ba shi kwaɓin gyaɗa da madara. Sabon hannu in ya sassauta igiyar, yaro mai ciwo ya koma gida ba magani. Yadda malam ke duba allon almajiri, haka gwani ke duba awon nan tun kuskure bai zauna ba. Wassalam.