Baƙin allon da ya raba ni da hawa tudu neman sabis

Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru a watan Satumban 2021, lokacin da hukumar NCC ta sa aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Gusau ta samu nata sabis ɗin a farkon Oktoba. Mu na Bilbis da sauran garuruwan Tsafe da Bungudu sai da muka ƙara jira. A lokacin na gane cewa wayata ba ta riƙe komai nawa: imel ɗina, jadawalina, duk suna can wani wuri da sai da data ake isa.

Ko yanzu da sabis ya dawo, in na je gida hutu, Gmail kan yi ta juyi ba ta buɗe tsohon saƙo ba. Na taɓa rasa makin wani aiki haka nan, malamin kuma bai saurari uzuri ba.

Wani abokina mai karantar kwamfuta ne ya nuna mini Termux. Manhaja ce ta Android, kyauta, ana sauke ta daga F-Droid. In ka buɗe ba hoto, ba maɓalli, baƙin allo ne kawai yana jiran ka rubuta umarni. Ranar farko wallahi rufewa na yi, na ce wannan ai aikin masu kutse ne.

Ka fara da mai sauƙi. Rubuta pkg install taskwarrior. Daga nan task add "miƙa aikin rediyo" due:friday ya shigar da aikin da ranarsa. Task list ya jero maka su, task 1 done ya goge na farko. Ba ya cin data ko kaɗan bayan saukewa. Kalanda kuma akwai calcurse, nan nake zuba lakcoci da ranakun gwaji.

Imel ne ya ba ni wahala, kwana biyu cur. Abubuwa uku ake haɗawa: mbsync yana kwaso saƙonni ya ajiye su cikin wayar, Mutt yana buɗe su, msmtp yana aikawa. Mutt ɗin nan fa tun 1995 Michael Elkins ya rubuta shi, ya girme ni. Gmail ba za ta karɓi kalmar sirrinka ta kullum ba, sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ƙirƙiri wata kalmar ta musamman don manhajar. A nan yawancin mutane ke gajiya su bari.

Amma in ya zauna, ya zauna. In sabis ya leƙo na minti biyu, na kwashe komai, na koma ɗaki ina karantawa a tsanake. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kada in yaudare ku: bugawa da yatsa a ƙaramin allo akwai takaici, harafi ɗaya ka kuskure ya ƙi aiki. Saƙonninka kuma yanzu suna cikin wayar, don haka in aka fizge ta ba makulli, ka shiga uku. Sannan ba ya maye gurbin WhatsApp, inda shugaban ajinmu ke sanar da cewa an ɗage lakca ƙarfe goman dare. Wannan kam har yanzu sai na fita bakin titi na ɗaga waya sama.