Gargaɗi ga Masu Hawa Babur da Dare a Hanyoyin Karkara

'Yan acaɓa, masu dawowa daga cin kasuwar ƙauye bayan magariba, da samari masu zuwa zance garuruwan maƙwabta, ku saurara, maganar rai ce.

Fitilar babur gabanta kawai take haskawa, hanya kuwa lanƙwasa take yi. Idan ka doshi kwana, hasken cikin daji yake faɗawa, abin da ke kwance a kwanar ba za ka gan shi ba sai ka zo kansa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta taka birki, ya riga ya shafe tsawon tirela. Saboda haka ka sassauta tun kafin ka shiga kwana, ka rage giya, ka riƙe hannunka. Birki mai ƙarfi a tsakiyar kwana, musamman inda yashi ko tsakuwa suka hau kwalta, shi ke kwashe taya ya watsar da mutum. Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko hawan tsaunin Mambila, ya san gangara ba ta jiran mai gyara kuskure.

Kuma dare yana ɓoye abubuwa da yawa: amalanken shanu mara fitila, garke mai tsallaka titi, babbar mota da ta lalace aka zuba mata ganye kawai, kwalbatin da ruwan damina ya cinye gefensa. Hasken nan guda ɗaya da ke tahowa, kada ka ɗauka babur ne. Sau da yawa mota ce mai ido ɗaya. Idan mai tahowa ya dalle maka ido, kalli gefen titi na hannunka ka rage gudu. In hazon hunturu ya sauka, kwana a inda kake ya fi.

Kafin ka tashi, duba birki, taya, fitilar gaba da danja. Babur mara danja, direban da ke bayansa ba ya ganinsa. Sa riga mai haske, ka ɗaure hular kwano, kai da wanda ka goya. Goyon mutum uku da buhu, wallahi ganganci ne. Tiramol kuma ba ya korar barci, hankali yake ɗaukewa.

Idan kun tarar da haɗari, ku fara tsayar da masu tahowa da tocila tun daga nesa da kwanar. Kada ku fizge hular wanda ya faɗi, kada ku lanƙwasa masa wuya, kada ku ɗura masa ruwa. A Najeriya ku kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122.