Sharuɗɗan Ɗalibta a Ajin Kalkulas

Shirinmu na yau ya shafi wata 'yar takarda ce, wadda galibi ba ta wuce shafi biyu ba, wadda malamin hisabi a jami'a kan raba wa ɗalibansa, ko ya karanta musu, ko kuwa a wannan zamani ya aika musu ta wayar hannu, a makon farko na zangon karatu, tun kafin ya ɗora alli a kan allo. A cikinta ne yake bayyana abin da za a karanta, da yadda za a raba maki, da abin da ya wajaba a kan ɗalibi, da abin da aka haramta masa. Kuma da yake da yawa daga cikin ɗalibai sukan ninke ta su jefa a jaka, ba sa waiwayarta sai ranar da sakamako ya fito ba yadda suka so ba, mun ga ya dace mu zauna mu yi mata sharhi a tsanake.

Darasin da muke nufi shi ne kalkulas, wanda Larabawa ke kira hisabut tafaduli wat takamuli. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa wa jami'o'in Nijeriya, an sanya shi a shekarar farko da lambar MTH 102, bayan an share masa fage da aljabara da ilimin kusurwoyi a zangon da ya gabata. Don haka duk wanda ya nufi aikin injiniya, ko ilimin kwamfuta, ko kimiyyar fiziks, a Zariya yake ko a Kano ko a Sakkwato, babu makawa sai ya bi ta wannan ƙofa.

Kafin mu taɓa sharuɗɗan, wajibi ne mu san abin da fannin ke nema, domin daga ɗabi'arsa ne suka samo asali. Mu ƙaddara an saki dutse daga kan wani dogon bene. A daƙiƙar farko zai faɗo kimanin mita 5, zuwa ƙarshen ta biyu ya ci mita 20, zuwa ƙarshen ta uku ya ci 45. Yaron sakandare zai raba 45 gida uku ya ce matsakaicin gudun dutsen mita 15 ne a kowace daƙiƙa, kuma ya yi daidai. Amma idan aka tambaye shi gudun dutsen a daidai ƙiftawar da daƙiƙa ta uku ta cika, lokacin da babu tazarar da za a raba, sai ya tsaya cak, alhali amsar tana nan, kimanin mita 30 ce. Hanyar isa gare ta ita ce a riƙa taƙaita tazarar lokacin, ana ƙara matse ta, ana lura da ƙimar da lissafin ke kusanta, har a tabbatar da haddin da ya nufa. A kan wannan haddi aka gina babin auna saurin canji, a kan haddin kuma aka gina babin tattara ƙananan yankuna don a sami faɗin fili ko girman mazubi. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya riga ya taɓa gefen wannan babi na ƙarshe. Sa'an nan Newton na Ingila da Leibniz na Jamus suka haɗa fannin wuri guda, kowa a nasa ɓangare, Leibniz ya buga nasa a 1684. Amma duk da haka sai a ƙarni na 19 ne irin su Cauchy da Weierstrass suka tace ma'anar haddin nan har ta tsaya da ƙafarta. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da shekara ɗari suna tahƙiƙi, shi ne ake so ɗalibi ya fahimta cikin mako 15.

To, wannan ne asalin sharaɗi na farko, wato halartar aji. Ƙa'idar da jami'o'inmu suka ɗauka ita ce, ɗalibin da bai halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci ba, ba shi da hakkin zama jarrabawa. Wasu na ganin tsanani ne. Mu kuwa a ganinmu, a wannan darasi musamman, rangwame ne ma. Maginin ƙasa ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska ya ƙanƙame, in kuwa ya yi gaggawa katangar za ta tsaya har ta ruɗi mai kallo, sai damina ta tona asirinta. Haka wanda ya tsallake makon haddi, ya zo ya haddace dokokin da ke bayansa, zai ga kamar yana tafiya tare da jama'a, sai ranar da aka juya masa tambaya ta fuskar da bai saba ba. Aron littafin aboki a kwafe yana da amfaninsa, sai dai abin da aboki ya rubuta sakamakon tunanin malam ne kawai. Tunanin kansa, da inda malam ya dakata, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanya ya bar waccan, waɗannan sai wanda ya zauna ya gani da idonsa.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi, kodayake ba a cika iya tilasta shi ba, shi ne muraja'a da aikin gida. Darasin da aka ba sa'a biyu a mako, jimlarsa sa'a 30 ke nan a zango, kuma babu mai hankalin da zai ce sa'a 30 ta isa. Shi ya sa malamai suka saba cewa kowace sa'a guda ta aji tana neman biyu a ɗaki, da biro a hannu. Muna jaddada biron nan, domin akwai wata yaudara da ke kama ɗalibai masu ƙoƙari ma: mutum ya buɗe littafi, ya bi misalin da aka riga aka warware, kowane layi ya gamsar da shi, ya rufe yana zaton ya iya, alhali ya gane hujjar wani ne kawai, bai gwada kafa tasa ba. Ma'aunin gaskiya shi ne a rufe littafin, a ɗauki farar takarda, a fuskanci mas'alar da ba a taɓa gani ba, a yi haƙuri da ita ko da ta cinye daren. Abin da kuma malaman wannan fanni suka daɗe suna kuka da shi shi ne, mafi yawan makin da ke zubewa a kalkulas, a aljabara yake zubewa: a buɗe baka a manta da alamar ragi, a kasa haɗa ɓangarori biyu masu mabambantan lambobin ƙasa, a rikita dokokin kusurwoyi. Wanda ya san yana da wannan rauni, babu aibi ya koma littafinsa na sakandare a makon farko. Aibin shi ne ya ɓoye shi har zuwa mako na goma.

Game da rabon maki, al'adar da aka fi bi ita ce a ware kashi 30 ko 40 ga gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango, sauran kuma ga babbar jarrabawa. Daraja ta farko tana farawa daga maki 70, mafi ƙarancin ci kuwa a galibin wurare 40 ne. Amma jumlar da ta fi kowacce muhimmanci a takardar nan ita ce wadda ke cewa a nuna yadda aka yi aiki. Mai duba takardar kalkulas yakan raba makin tambaya a kan matakanta, ta yadda ɗalibin da ya bi sahihiyar hanya, ya yi tuntuɓe a lissafin ƙarshe, zai tashi da mafi yawan makin, wanda kuwa ya dire amsa daidai ba tare da ya nuna inda ya samo ta ba, ƙila ya tashi da ɗan kaɗan ko ya tashi hannu rabbana. Wannan bai kamata ya zama baƙon abu ga wanda ya tashi a ƙasar da ake karatun zaure ba, inda in mutum ya yanke hukunci a mas'ala, abin da malamai za su fara tambayarsa shi ne dalilinsa; kuma injiniyan da zai auna ƙarfin gada gobe, dole ne waninsa ya iya bin lissafinsa layi-layi ya tabbatar, tun da rayukan bayin Allah ne za su bi ta kai.

Daga nan ne maganar amana ta shigo. Tattaunawa da abokai a kan aikin gida halal ce, har ma abin so ce, kuma malamai da yawa sukan rubuta haka ƙarara; iyakarta ita ce, bayan an tashi daga muzakara, kowa ya koma ya rubuta nasa da hannunsa da fahimtarsa. Yau kuma ga manhajojin waya da ake nuna wa hoton tambaya su zayyano amsa da matakanta cikin ƙiftawar ido. Wanda ya yi aikinsa sa'an nan ya duba da su, ya sami mataimaki. Wanda ya kwafe ya miƙa, ya ha'inci malaminsa, ya kuma hana kansa abin da aka ba da aikin dominsa, sa'an nan zai shiga zauren da ba a shiga da waya, inda sau da yawa ko kalkuleta sai irin wadda aka yarje. Satar amsa a jarrabawa kuwa laifi ne da dokar ƙasa ta 1999 ta tanadar wa hukunci, jami'o'i kuma sukan kai shi har ga kora.

Sai dai adalci ya wajabta mana mu faɗi cewa takardar nan alkawari ce tsakanin ɓangarori biyu. Imam Zarnuji, a littafinsa Ta'alimul Muta'allim wanda almajiranmu suka sani sarai, ya yi dogon bayani a kan ladubban ɗalibi, amma bai bar maganar zaɓen malami nagari ba. Idan an wajabta wa ɗalibi halarta, to hakkinsa ne ya sami wurin zama da zai ji murya ya ga allo, abin da ke wuya a zauren da aka tara ɗaruruwa. Idan an wajabta masa gwaji, hakkinsa ne a mayar masa da takardarsa da gyara tun da sauran lokaci, domin gwajin da ba a ga kuskurensa ba rabin amfaninsa ya tafi. Idan an rubuta sa'o'in ganin malam a ofis, ya kamata a same shi a ciki. Mun san nauyin da ke kan malaman, mun san ƙarancinsu, kuma saboda haka ne muke roƙon hukumomin jami'o'i su raya ƙananan azuzuwan bita, inda ɗalibai kaɗan za su zauna da mataimakin malami, mai jin nauyin ɗaga hannu a gaban taro ya sami sararin cewa bai gane ba.

Saura uzuri. Wanda rashin lafiya ko rasuwa ta hana shi gwaji, ya sanar da malam da sashensa a rubuce, da wuri, tare da shaidar asibitin makaranta in ciwo ne, kada ya bari sai an kafe sakamako. Galibin ƙa'idoji suna karɓar uzurin da ya zo a kan lokaci, suna ƙin wanda ya makara. Wanda kuma Allah ya ƙaddara masa faɗuwa, zai sake yin rajistar darasin a shekara mai zuwa, kuma ya sani cewa akwai darussan aji biyu da ba za a bar shi ya ɗauka ba sai ya ci wannan; don haka ya je ya ga jami'in da ke kula da ajinsu tun kafin a buɗe rajista, su tsara nauyin da zai iya ɗauka.