Wuƙa ko Haske: Saɓanin Likitoci a kan Dajin Maƙogwaro

Tun shekarar 1873, sa'ad da Theodor Billroth, wani likitan birnin Biyana, ya fara cire maƙogwaron mutum ɗungurungum saboda ciwon daji, hukuncin wanda cutar ta yi wa nisa ya kasance guda ɗaya, wato a ceci ransa, ya yi hasarar muryarsa, ya koma numfashi ta wata kafa da ake huda masa a gindin wuya har iyakar rayuwarsa. A kan haka aka zauna fiye da shekara ɗari, sai a 1991 asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 332, inda aka cire wa rabi maƙogwaro, rabi kuwa aka ba su maganin daji ta jijiya sannan aka gasa ciwon da haske. Bayan shekara biyu, masu rai a kowane ɓangare kashi 68 ne cikin ɗari, alhali kashi 64 na ɓangare na biyu suna nan da maƙogwaronsu.

Likitocin tiyata ba su sallama ba. Wasunsu, irin su Wolfgang Steiner na Jamus, suka ƙware wajen bi ta baki su yanke ciwon da hasken leza ba tare da tsaga wuya ba. Wasu kuma sukan buɗe wuyan su ɗebe tantanin muryar da guringuntsin da ke kewaye da shi, su bar ɗan abin da zai riƙa kaɗawa. Muryar da ke saura dusasshiya ce, ba ta ladanci ba, amma tana isar da magana. Sharaɗin wannan tiyata shi ne huhu mai ƙarfi, domin majinyaci zai yi makonni yana ƙwarewa da ruwa kafin ya sake koyon haɗiya.

Gashi da haske kuwa, ko da yake galibi ya fi barin murya kusa da asalinta, yana da illolin da ba sa bayyana nan take: mako bakwai ake yi, kwana biyar kowane mako, yawu ya ƙafe, naman wuya ya sandare, har wani bayan shekaru sai an sa masa robar abinci a ciki. In kuma cutar ta dawo, da wuya a maimaita shi, kuma naman da aka gasa ba ya saurin haɗewa bayan yanka.

A ganina nan ne asalin mas'alar, domin aikin maƙogwaro bai tsaya ga sauti ba, shi ne mai tsare hanyar iska kada abinci ya faɗa huhu, kuma wanda aka bari a wuya alhali ya gaza wannan aiki, sunansa kawai aka ceta. Idan dajin ya huda guringuntsi ya fita waje, jumhurun likitoci sun yi ittifaƙi a kan cirewa gaba ɗaya. A ƙasashenmu kuma akwai ƙarin abin lura, injinan gashi kaɗan ne, suna kuma lalacewa, alhali yanke makonnin nan bakwai a tsakiya yana rage amfanin maganin.